Amsa ga ƙanwarmu mai tambaya kan ɗaukar nazarin ƙabilu da jinsi a matsayin ƙaramin fanni

Salam 'yan uwa. Na ga tambayar da ƙanwarmu ta Argungu ta aje tun jiya, cewa tana aji biyu a wata jami'a a Amurka tana karanta kiwon lafiyar al'umma, malamar da ke ba ta shawara ta ce ta haɗa da nazarin ƙabilu da jinsi a matsayin ƙaramin fanni, shi kuma Baba da ya ji kalmar jenda ya ce shi bai gane ba, bai kuma yarda ba. Tana son ta san ko abin na da amfani, ko ana samun aiki da shi, ko kuma zai taɓa mata addini. Na karanta amsoshin da anka ba ta, wasu sun ce ta gudu kawai, wasu sun ce ai nan kuɗi suke, duka biyun gaskiya ban gamsu ba shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta nawa, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Ƙanwata ni soshiyoloji, wato nazarin zamantakewar al'umma, na karanta a Sakkwato, daga baya na yi digiri na biyu a waje inda na ɗauki kwasa-kwasan jinsi, kuma tun da na dawo aikina bai wuce ƙauyukan Kebbi da Zamfara ba, harkar lafiyar mata da yara. Amsata a taƙaice ita ce ki ɗauka, amma a matsayin ƙaramin nan da anka ce, kar ki kuskura wani ya ruɗe ki ki saki kiwon lafiya ki koma can gaba ɗaya. Man shanu ne a kan tuwo, ba shi ne tuwon ba. A tsarin Amurka ƙaramin fanni yawanci kwas biyar zuwa bakwai ne, kiredit wajen 18, kuma mafi yawan jami'o'i a takardar sakamako yake fitowa ba a kan satifiket ɗin digirin ba. In kin dawo gida wajen tantance takardu da bautar ƙasa da neman aikin gwamnati babban fanninki za a duba. Jami'o'inmu na nan, irin ta tarayya da ke Birnin Kebbi ko ta Gusau, ba su ma cika bin wanga tsari ba, sai dai kwas na zaɓi da dalibi ke ɗaukowa daga wani sashe, to ki ga ba kowane mai ɗaukar aiki ne zai san mi ake nufi da shi ba sai kin yi bayani da bakinki.

Abu na farko da nake so ki sani, wanda ba lallai malamar taki ta gaya miki ba, shi ne rabin nan na nazarin ƙabilu a Amurka tarihin Amurka ne. An haife shi ne daga yajin da ɗalibai sunka yi a kwalejin San Francisco a 1968 zuwa 1969, baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin da 'yan Asiya da jajayen Indiyawa sunka ce ba su ganin tarihinsu cikin abin da ake koya masu. Shi kuma nazarin mata a San Diego anka fara buɗe masa sashe a 1970. Don haka za ki sha karatun bauta, da wariyar launin fata, da 'yan ci-rani, da 'yan sanda. Yana da kyau ki sani, kina zaune cikinsu kuma ke ma baƙa ce a idonsu, amma in kin shigo Kebbi da awon fari da baƙi ba abin da za ki auna da shi, mu duk fatarmu ɗaya kuma ga mu da namu rabe-raben.

Ki duba jiharmu kawai. Masarautu huɗu, Gwandu, Argungu, Yauri da Zuru, ga Kabawa ga Fulani ga Zabarmawa da Dandawa da Kyangawa can wajen iyakar Nijar da Benin, ga Dakarkari da su ke kiran kansu Lelna, ga Kambari ga Dukawa ga Gungawa. Wanda ke zaune Legas in ka ce masa Kebbi sai ya ce Hausa-Fulani ya wuce. Gungawan Yauri a tsibiran kogin Kwara suke zaune kafin a gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya ci garuruwansu a tashe su, yau da yawa cikin jikokinsu Hausa kaɗai suke ji, to su mi za ki rubuta masu a fom? Irin wagga tambaya ce wani masani ɗan Norway, Fredrik Barth, ya ɗauko a littafin da ya fitar a 1969, cewa ƙabila ba wani abu ne daskararre ba, a kan iyaka ake gane ta, wa anka yarda namu ne wa anka ce ba namu ba, kuma mutane na tsallaka iyakar. Ranar da na karanta shi sai da na tuna dangin kakata da ake ce wa Fulani alhali ko ruwa ba su iya roƙo da Fulatanci. In kina son na gida ki nemi littafin Okwudiba Nnoli na 1978 kan siyasar ƙabilanci a Najeriya, ba lallai a sa maki shi cikin manhaja ba, ki karanta da kanki lokacin hutu.

Inda abin ya fi yi min amfani kuwa shi ne wurin da ƙabila da jinsi sunka haɗu kan mutum guda, abin da lauyar nan Kimberlé Crenshaw ta yi rubutu a kai a 1989 game da baƙaƙen matan Amurka. Mu namu misalin takardar indijin ce. Tun kundin tsarin mulki na 1979 aka shigo da tsarin raba daidai, kowa sai ya nuna ƙaramar hukumar ubansa. To ɗiyar Zuru da ta auri mutumin Gusau ta shekara ashirin can ta haifi 'ya'yanta can, in muƙami ya taso a Zamfara a ce ai 'yar Kebbi ce, in ta koma Kebbi a ce ai kin yi aure kin tafi. Namiji ba ya shiga wanga halin. A watan Maris na 2022 majalisar tarayya ta kada wasu ƙudurori biyar da sunka shafi mata, ciki har da wanda zai ba mace damar zama 'yar jihar mijinta bayan wasu shekaru da aure. Wannan ba zancen Turawa ba ne, a gidajenmu yake.

Tunda lafiya kike karantawa bari in ba ki wanda ya fi kusa da ke. Gubar dalma da ta ɓulla a Zamfara a 2010, ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, yara sama da 400 sunka rasu Allah Ya jiƙan su. Maza ne ke zuwa ramin zinari, to mi ya sa ƙananan yara ne sunka fi mutuwa? Saboda cikin gida ake kawo duwatsun, mata na daka su suna niƙa a tsakar gida, wani lokaci da turmin da ake daka hatsi, ƙurar na sauka inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Duk wanda ya tsaya bakin rami yana wa maza wa'azi bai taɓa matsalar ba, sai an shiga cikin gida, kuma namiji baƙo ba ya shiga. Wa ke yin wane aiki, a ina, wa ke da izinin shiga, wa ke yanke shawara, wallahi ƙashin bayan karatun jinsi ke nan, sauran duk ado ne. Ni kaina na sha gani, a shirya taron wayar da kai kan awon ciki a tara mata a yi ta masu bayani su gyaɗa kai, a koma bayan wata uku ba abin da ya canza, don wanda zai ba da izini da kuɗin mashin bai zo taron ba, uwar miji ma da ke cewa mu a ɗaki munka haihu ba wanda ya gayyace ta. Akwai wata ƙungiya da na yi wa aiki, ba zan kira suna ba, sunka sa taron mata ranar kasuwar garin da hantsi a lokacin da matan ke can suna saida shinkafar da sunka turara, daga baya a rahoto aka rubuta wai matan yankin ba su da sha'awa. Abin ya ƙona min rai ba kaɗan ba.

Sai maganar Baba. Kar ki raina tsoronsa kuma kar ki yi masa ƙarya. Gaskiya ne a ajin jinsi a Amurka za a karanta batun auren jinsi da masu sauya jinsi, wasu malaman ma a nan sunka fi ba da ƙarfi, kuma za ki haɗu da rubuce-rubucen da ke ɗaukar mace musulma mai hijabi a matsayin wadda ke jiran a zo a cece ta. Za ki ji abin da zai ɓata maki rai. Amma jarabawa ba ta tambayar mi kika yi imani da shi, tana tambayar mi wance ta ce kuma da wace hujja, kina iya kawo hujjar ki rushe ta a takarda guda ki ci makinki. Ni na yi, malamar ma ta ji daɗi don ta gaji da ɗalibai masu maimaita mata abin da ta faɗa. Kuma ba mu muka fara musu da su ba, Ifi Amadiume a 1987 da Oyeronke Oyewumi a 1997 duk 'yan Najeriya ne, sun rubuta littattafai suna cewa awon da Turawa ke yi wa mace da namiji bai hau kan al'ummomin Ibo da Yarbawa yadda ake zato ba, kuma yau ana koyar da su a can ɗin.

In za ki yi wa Baba bayani ki fara masa da Nana Asma'u ɗiyar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, mata malamai da ake kira jaji na ɗaukar karatu daga wurinta suna kai wa matan ƙauye, baffanta Abdullahin Gwandu kuma kabarinsa na nan jiharmu. Ki gaya masa har a Jami'ar Bayero akwai cibiyar nazarin jinsi, kuma ƙungiyar FOMWAN da anka kafa a Minna a 1985 matan musulmi ne masu ilimi sunka kafa ta. Sannan ki nuna masa sunayen kwasa-kwasan da za ki ɗauka ɗaya bayan ɗaya ki fassara masa. Dattawanmu in an girmama su an buɗe masu komai sun fi sauƙin kai fiye da yadda muke zato, abin da ba su so shi ne su ji a bakin wani. In kuma bayan duk wannan ya ce a'a, ni dai shawarata kar ki yi faɗa da mahaifinki kan kiredit 18, ki ɗauki kwas ɗaya ko biyu cikin na zaɓi, sauran ki karanta da kanki, laburare ba ya tambayar fanninki.

Batun aiki, masu cewa nan kuɗi suke su rage zuƙi. E, ƙungiyoyin agaji na ɗaukar jami'an jinsi da masu kula da cin zarafin mata, kuma shirye-shirye irin AGILE na Bankin Duniya kan karatun 'yan mata, da Kebbi na cikin jihohin farko da sunka shiga, suna buƙatar masu wannan ilimin. Amma aikin kwantiragi ne, shekara ɗaya biyu a ce kuɗi sun ƙare, kuma tun da Amurka ta rufe hukumar agajinta ta USAID a 2025 mutane da yawa da na sani suna zaune gida. Waɗanda sunka tsira su ne masu wata sana'a a hannu, nas ce ko mai iya lissafin bayanai ko lauya, jinsin ƙari ne a kai. A intabiyu ba wanda ya taɓa tambayata sunan wani masani, abin da ake tambaya shi ne kin iya tsara tambayoyi, kin iya zama da mata goma a zaure ki sa su yi magana ba tare da matar mai gari ta cinye hirar ba, kin iya raba alƙaluma maza daban mata daban ki faɗi abin da sunka nuna. Saboda haka cikin kwasa-kwasan ki fifita na dabarun bincike da duk wanda ya shafi lafiya ko Afirka ko ƙasashen musulmi, ki rage na surutu zalla. In akwai furojet na ƙarshe ki roƙa a bar ki ki yi shi kan gida, ko matan da ke sarrafa shinkafa a Argungu, ko yadda al'adar golmo ta ƙasar Zuru, inda saurayi ke yi wa surukinsa noma shekaru kafin a ba shi mata, ke canzawa yanzu, ko halin da matan da 'yan bindiga sunka raba da ƙauyukansu ke ciki a Gusau da Anka, Hausawa da Fulani duka don kowane ɓangare akwai zawarawa da marayu. Wannan na ƙarshen sai da taka tsantsan da izinin jami'a, ba abin da za ki shiga ke kaɗai ba ne.

Kafin ki sa hannu ki tambayi ofishin da ke kula da tallafin karatunki ko ƙarin zai ja maki wani zango, don wasu tallafin shekara huɗu ne cif ba a ƙara ko wata guda, ki kuma tambaya ko kwas ɗaya na iya shiga lissafin babban fanni da ƙarami lokaci guda, jami'o'i da yawa suna yarda da ɗaya ko biyu. Ki tambaya kuma ko sashen na nan daram, don a wasu jihohin Amurka ana ta rufe irinsu, wata kwalejin gwamnati a Florida ta soke nata a 2023, kar ki fara a rufe ki a tsakiya. Ki ɗauki hoton jerin kwasa-kwasan ki turo min ta saƙo in duba maki waɗanda za su yi maki amfani a nan, ki gaida su Baba da Inna in kun yi waya.