Sabunta tsohuwar waƙa: riƙe jarinka sai ka ga takarda

Wani matashi mai ƙaramin situdiyo a Kano ya aiko da tambaya. Yana son ya ɗauko waƙoƙin marigayi Mamman Shata guda biyu: ɗaya yaronsa ya sake rerawa da kiɗan fiyano, ɗayar kuma ya yanko muryar marigayin ya ɗora a kan sabon kiɗa, ya sa su a YouTube da Audiomack. Abokai sun ce masa ba komai, tunda mai waƙar ya rasu kuma zai rubuta sunansa a ƙasa.

Ƙanena, abokan nan naka ba su za su yi asarar ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta bar wa mawaƙi waƙarsa tsawon rayuwarsa da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Shata ya rasu a 1999, ka ga sai ƙarshen 2069 ke nan. Kafin lokacin, waƙar gado ce a hannun magada, kamar gona ko gida. Rubuta sunansa kuwa ladabi ne, kuma wajibi, amma ba izini ba ne. Direban adaidaita sahu da ya wuni yana faɗa wa fasinja sunan mai mashin, da yamma ai sai ya kai balas.

Kuma kaya biyu kake shirin ɗauka. Akwai waƙar kanta, wato baitoci da karinta. Akwai kuma faifan da aka naɗa, wanda nasa wa'adin shekara 50 ne, kuma sau da yawa yana hannun kamfani ko gidan rediyon da ya naɗe shi. Sake rerawa izinin magada yake buƙata. Yanko murya kuwa sai ka nemi izinin ɓangarorin biyu, shi ya sa nake ba ka shawarar ka ajiye wannan tukuna, ka fara da ta farkon. Ko faifan ya tsufa har wa'adinsa ya ƙare, waƙar da ke ciki tana da masu ita.

Asarar ma ba sai an je kotu ba. YouTube yana da na'urar da ke gane sautin da aka yi wa rajista. Da ta gano, sai kuɗin talla su koma aljihun mai haƙƙi ko a toshe bidiyon, kai kuwa ka riga ka biya makaɗi, mai ɗaukar hoto da man janareta. Idan aka kai ƙararka aka sauke maka bidiyo sau uku a kusa da kusa, tashar gaba ɗaya za ta iya tafiya.

Don haka je ka sami wanda iyalin suka wakilta, ba ɗa guda da kuka haɗu a wurin biki ba. Ka tuntuɓi MCSN, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙinsu, ko waƙar tana cikin kundinsu. Sannan a rubuta: wace waƙa, a ina za a sa ta, na shekara nawa, nawa za a biya. Idan kana son kai kaɗai ka riƙe izinin, doka ba ta karɓar na baka. Mai ƙaramin jari irinka, gara ka ba su kaso daga abin da ya shigo a kan ka biya dunƙule tun waƙar ba ta kawo ko kwabo ba. Shi ma yaron da zai rera, ku rubuta taku takardar da shaidu kafin ya shiga ɗakin naɗi.