Abincin titi a Xi'an lokacin hunturu

Ka tambaya ko mai ƙaramin guzuri zai samu abincin halal a titunan birnin Xi'an na ƙasar Sin cikin Janairu. Zai samu, ɗan'uwa. Ka nufi unguwar Musulmin Hui da ke bayan Hasumiyar Ganga, kusa da Babban Masallaci. A can ka nemi yangrou paomo, romon rago mai zafi da ake gutsuttsura gurasa a ciki. Ni ban ga abin da ya kai shi korar sanyi ba.

Amma in ka bar unguwar, misali ka tafi kallon sojojin yumɓu (tsoffin mutum-mutumin sojoji da ke wajen birnin), kada ka sayi roujiamo, wato gurasa mai nama a ciki, sai ka ga alamar 清真 mai nuna halal, don galibi naman alade ake cusawa cikin gurasar.