Anti, yarona ya dawo daga makarantar kwana ya zama wani daban

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya haƙuri da mu. Ni ina zaune Mabera nan cikin Sakkwato, ɗiya huɗu gare ni, matsalar babban ce ta hana ni barci. Shekara 13 gare shi, shina JSS2 a wata makarantar kwana wajen gari, babansu yak kai shi bara wai zama cikin mata zai lalata shi. Yaron da sai an ce don Allah yi mana shiru, hutun ga da yad dawo ko ƙannenshi ba shi kulawa, abinci sai shi shige ɗaki shi ci da sauri kamar za a ƙwace, kuma sau biyu ina ishe shi ya shanya katifa tun kafin kiran assalatu, yaron da rabonshi da fitsarin kwance tun shina shekara huɗu. Sai kuma dubu biyar ta adashe da na aje cikin kwalla ta ɓace, anka same ta cikin akwatinshi ƙunshe a safa. Babansu ya zane shi da wayar caja, wallahi Anti ko hawaye bai yi ba.

Ƙanena ne da sunka fi shiri yaj ja shi a mashin sunka tai yawo, can yag gaya mishi wai siniyoyin SS3 ke aza musu kuɗi duk dawowa hutu. Gari da sukari da ƙuli-ƙulin da nika haɗa mishi ranar farko suka karɓewa, shi ka yi musu wanki da ɗibar ruwa, sun sa shi nildawun bisa tsakuwa da rana tsaka cikin zafin watan huɗu, kuma wani mai ɓoyayyar waya ya ɗauke shi bidiyo shina kuka daga shi sai gajeren wando, in ya kai ƙara a watsa a WhatsApp. Na gaya ma babansu yac ce su ma haka sunka sha ga su ba su mutu ba, yaran yanzu ne ragwaye, in ya kai SS3 shi ma ya rama. Ni kuma ɗan farina ne, ko sunanshi ban faɗi balle in zauna hira da shi. Saura kwana goma a koma. Mi zan yi?

Maman yara, Mabera

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Kar ya koma tukuna, ko da zai rasa sati biyu na karatu, wannan shi ne farko.

Yaronki ba ɓarawo ba ne, kuɗin fansar kansa ya ɗauka. Ki duba lissafin da ya yi a ransa, in ya koma hannu biyu a doke shi a makaranta, in ya faɗa a gida a ce masa rago, sai ya zaɓi kwalla, ya kuma sha waya a kai. Rashin kukan nan shi ya fi tsaya min a rai fiye da bidiyon, don yaron da ake duka ya yi tsit ya riga ya cire rai da wani zai cece shi. Kuma mu muka koya musu, tun suna rarrafe muke cewa yaro ba ya kai ƙarar babba, na gaba da kai ko ya zalunce ka ka sunkuyar da kai, to ga shi ya ji magana.

Kunyar ɗan fari ni ma da ita aka rene ni, ban raina ta ba. Amma lokacin da aka ajiye wannan al'ada akwai kaka da goggo da inna cike da gida, abin da uwa ta kau da kai wata ke ɗauka. Yanzu ke ce da miji da yara a gida ɗaya an rufe get, in kin yi kunya wa ya rage masa? Ba sai kin kira sunansa ba. Ki sa shi ya taya ki tsince shinkafa ku biyu kaɗai, ki ce kawunka ya faɗa min, ba laifinka ba ne, kuma maganar kuɗin nan ta wuce. Maganar katifa kuma kar ƙannensa su ji.

Kawun nasa ya sake fita da shi ya tambaye shi a hankali ko bayan duka akwai wanda ya taɓa masa jiki ta hanyar banza, na san maganar da nauyi amma tana faruwa a ɗakunan kwana kuma yara maza sun fi ɓoyewa. A kai shi likita ya duba jikinsa da fitsarinsa, don fitsarin kwance da ya dawo bayan shekaru tsoro na kawo shi, ciwo ma na kawo shi. Asibitin koyarwa na Danfodiyo akwai sashen yara, in kuma aka ce ku ga likitan ƙwaƙwalwa ko a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ne kar sunan ya firgita ki, ba mahaukata kaɗai ke zuwa can ba.

Maigida kuwa kar ki ja da shi gaban yara. Ki bi ta wanda yake jin nauyi, mahaifiyarsa ko wansa. Gaskiya ne sun ɗebo wa siniya ruwa, amma su wulaƙancinsu a hostel yake ƙarewa, babu wanda ya riƙe hotonsu a aljihu yana karɓar kuɗi da shi. Kuma a tambaye shi, wannan ramawar da yake jira, a kan ɗan wa za a rama? Maza da yawa in sun ce ba mu mutu ba sun manta da abokin ajinsu da ya gudu bai sake waiwayar boko ba. Na san babba ba ya buɗe baki ya ba yaro haƙuri a wajenmu, to ko tsire ya sayo ya kira shi su ci tare, yaro zai gane.

Makaranta maza biyu su je, uban da kawun, wajen firinsifal kai tsaye da takarda a rubuce ku riƙe kwafi. Ku nemi wasu iyayen 'yan ajinsu ta PTA a shiga tare, don kar a gane bakin wa maganar ta fito. A karɓe wayar nan a goge bidiyon a gabanku. In suka fara yi muku hanya-hanya ku wuce ma'aikatar ilimi, kuma ku tuna musu jihar nan tana da dokar kare yara tun 2021 zamanin Tambuwal. Idan bayan duk wannan kika ga ana ambaton komawa jikinsa na rawa, makarantun jeka-ka-dawo sun cika gari, a nema masa taransifa. Ki sake rubuto min bayan kun ga likita.

Anti