Kwamfutar tana aiki, batirin ba ya hawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da laftof ƙirar Dell Latitude. Cajarta ta asali ta ɓace, sai na sayi wata a kasuwa. Idan na jona, kwamfutar tana aiki, amma batirin ya tsaya a kashi 12, ga shi ta koma nauyi. Mai gyara ya ce in sayi sabon batir. In saya?
Wata ɗaliba daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, dakata da sayen batir tukuna, mun fi zargin sabuwar cajar.

Leƙa cikin bakinta, za ki ga siririyar allura a tsakiya. Ba ita ke kai wuta ba, aikinta kawai ta shaida wa kwamfutar ƙarfin cajar. Idan ta lanƙwashe ko ta karye, ko kuma cajar jabu ce, Dell za ta karɓi wuta ta yi aiki, amma ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudu. Nauyin da kike gani ke nan.

Tabbatarwa ba ta da wuya. Ki kashe kwamfutar, ki kunna kina danna F2 a kai a kai har shafin saitin kwamfutar, wato BIOS, ya buɗe, ki nemi inda aka rubuta AC Adapter. In ya nuna 65W ko 90W, ta gane cajar. In ya nuna Unknown, ba ta gane ta ba. Sai ki ari cajar Dell ta asali ki gwada. In wannan ma ba ta gane ba, mai yiwuwa ramin cajin da ke jikin kwamfutar ne ya lalace. A yawancin Latitude ɗan guntu ne mai waya da ake sauyawa shi kaɗai, ba sai an taɓa babban allon cikin kwamfutar (motherboard) ba.

Wajen sayen caja, duba rubutun ƙasan kwamfutar, misali 19.5V da 3.34A, wato wat 65. Dole lambar V ta zo daidai. Ta A tana iya fi, amma kada ta gaza. Kada ki damu da ƙarancin wutar NEPA, cajar tana karɓar 100V zuwa 240V. Abin da ke ƙona ta shi ne dawowar wuta da ƙarfi, don haka a riƙa zare ta in an ɗauke.

In kwamfutar ta gane cajar amma har yanzu batirin ba ya hawa, zare komai, har batirin in mai cirewa ne, ki danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30, ki mayar. Daga nan buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni a Windows, ki rubuta powercfg /batteryreport. A rahoton, kwatanta Full Charge Capacity (cajin da batirin ke iya ɗauka yanzu) da Design Capacity (wanda aka ƙera shi ya ɗauka). In ta farko ta yi ƙasa da rabin ta biyu, mai gyara ya yi gaskiya. In kuwa kin ga wurin shafa yatsa ya taso ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batirin ya kumbura. Daina jonawa, a cire shi yau, kada a huda shi, yana iya kamawa da wuta.