Ƙanwata, ga amsar tambayarki a kan karnukan Ingila

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya same ni a cikin bas ina dawowa daga aiki, na karanta, da na isa gida na sake karantawa a tsanake. Ina taya ki murnar gurbin karatun da kika samu a nan Manchesta, Allah Ya sanya albarka, Ya sa a fara a sa'a. Kin ce akwai abin da kike jin nauyin faɗa a gida don kada a yi miki dariya: tun da kare ya cije ki a ƙauri kina 'yar shekara 9 a hanyar Islamiyya, ko haushi kika jiyo daga nesa sai gabanki ya faɗi, ƙafafunki su yi sanyi. Ga shi kuma an ce miki a nan sakin karnuka ake yi suna yawo cikin mutane. Kika ce, Yaya gaskiya ne? In gaskiya ne, anya zan iya zama?

Gaskiya ne, ba zan ɓoye miki ba. Birtaniya tana da karnuka sama da miliyan 10, kuma ba na gadi ba ne da ake ɗaurewa a bayan gida. A ɗaki suke kwana, suna da suna, suna da likita. Za ki gan su a bas, za ki gan su a jirgin ƙasa, inda aka yarda fasinja ya shiga da har guda biyu ba tare da ya biya musu ba. Jirgin cikin gari na Metrolink ma tun 2022 aka fara barin su shiga. Filayen shaƙatawa kuwa, irin su Platt Fields da ke kusa da unguwannin ɗalibai ko Heaton Park, nan ne ake kwance musu igiya su yi ta gudu. To amma za ki iya zama, ni shaida ce, don da irin tsoronki na zo.

Kada ki bari kowa ya sa ki ji kunyar wannan tsoro. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mu da muka tashi a gida mun san karnukan bola, mun san na mafarauta da 'yan tauri, mun san na gadi da akan saka da daddare. Mun kuma san abin da cizon mahaukacin kare yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Iyayen da suka koya mana nisantar kare ba su yi kuskure ba. Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne tun 1922 aka kawar da wannan cuta daga karnukan Birtaniya. Cizo a nan rauni ne, ana wankewa a yi magani. Ba shi ne wannan dogon zullumin na jerin allurai da kika sha kina yarinya ba.

Abin da ya fi damuna a kanki shi ne dabarun da muka taso da su, domin a nan juyewa suke yi su zama matsala. Bari in ba ki labarin sati na biyu da zuwana. Na yanke ta wani fili don in rage hanya, da leda a hannu, sai ga wani jibgegen kare mai ruwan ƙasa ya taho da gudu, kunnuwa na lilo. Ban yi tunani ba na sunkuya kamar zan ɗauki dutse, yadda muke yi a gida kare ya juya da gudu. Wannan kuwa sai ya ƙara sauri. Ashe a saninsa, mutum in ya sunkuya ƙwallo zai ɗauko ya jefa masa. Da na ga haka na kwasa a guje ina ihu, ya biyo ni yana tsalle, abayata ta harɗe ni na faɗi cikin taɓo. Ya tsaya a kaina yana haki yana kaɗa wutsiya, ni kuwa numfashina ya ƙi fita. Mai shi wata dattijuwa ce, ta iso ta kama shi tana ta ba ni haƙuri, har hannunta na rawa. Na yi wajen wata uku ban sake bin fili ba, ina zagaye mai nisa cikin sanyi da ruwan sama. Wannan wata ukun ne ba na so ki yi.

Kare yana bin abin da ke gudu, halittarsa ke nan. Saboda haka in kin ga ya nufo ki, ki tsaya cik. Ki ɗan juya masa gefe, ki naɗe hannuwanki a ƙirji, kada ki zuba masa ido, ki kalli gefe ko ƙasa. In da abinci a hannunki ki ɗaga shi sama a hankali, in ya matsa miki ki saki ledar, ba ta kai lafiyarki ba. In kina sanye da dogon hijabi ko mayafi mai kaɗawa a iska, ki tattare shi jikinki, don abu mai filfilawa yana jan hankalinsu. Yawanci zai shinshina takalminki da bakin zaninki na 'yan daƙiƙu, ya ga babu wasa a wurinki, ya yi gaba. Na san waɗannan daƙiƙun kamar shekara suke ga mai tsoro. Ni addu'a nake karantawa a zuci ina ƙirga numfashina har ya wuce. Dutse kuwa ko sanda, ki cire su daga ranki gaba ɗaya. Dokar kare haƙƙin dabbobi ta 2006 ta haramta cutar da dabba ba gaira ba dalili, kuma tun 2021 hukuncin mafi muni ya kai ɗaurin shekara 5.

Sai babbar maganar, wadda na daɗe ban gane ba: da mai karen za ki yi magana, ba da karen ba. Kusan duk karen da kika gani a sake, mai shi yana nan kusa da igiya a hannu. Ki ɗaga murya ba tare da ihu ba, ki ce masa da Turanci, don Allah kira karenka, ina jin tsoron karnuka. Za ki ji ya amsa daga nesa cewa kada ki damu, ba ya cizo, wasa yake so. Wannan maganar kowane mai kare a duniya yana yin ta, har a gida. Kada ki yi musu, kada kuma ki yi murmushin kunya ki haƙura. Ki maimaita: na ji, amma don Allah ka kira shi. Mu an tarbiyyantar da mu da kawaici, musamman a gaban baƙo ko wanda ya girme mu, shi ya sa muke haɗiye abin da ya dame mu. A nan in ba ki faɗa ba, ɗauka za a yi kina jin daɗin wasan. Kuma masu karnuka su kansu sun san ladabin abin: ba a barin kare ya ruga wurin wanda bai kira shi ba, wanda karensa ba ya amsa kira bai kamata ya kwance shi ba. Mafi yawan waɗanda na roƙa sun kira nasu nan take, wasu har da ban haƙuri. Kaɗan ne suka ɓata rai, su ma ɗin sun kira.

Ba alfarma kike nema ba, doka tana bayanki. A ƙarƙashin dokar karnuka masu haɗari ta 1991, laifi ne mutum ya bar karensa ya fi ƙarfinsa har ya zama barazana, kuma ba sai ya yi cizo ba: in ya sa mutum ya ji tsoro mai dalili cewa zai ji masa rauni, ya isa. Tun 2014 dokar ta haɗa har da cikin gidan mai karen. In ya raunata mutum, mai shi na iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5. Akwai nau'o'in da aka haramta, kamar Pit Bull da Tosa na Japan, sannan daga ƙarshen 2023 aka wajabta wa masu XL Bully a Ingila da Wales su sa masa takunkumi da igiya duk lokacin da suka fito da shi. Kowane kare dole ya kasance da abin wuya mai sunan mai shi da adireshi in an fito da shi cikin jama'a, kuma tun 2016 dole a dasa masa wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda ke nuna ko na wane ne. Shi ya sa da wuya ki ga kare marar uban gida yana gararamba a titi.

Sai dai ki sani babu wata doka guda da ta ce a ɗaure kare a ko'ina. Kowace ƙaramar hukuma ke tsara nata, ta kafa alluna a bakin fili: nan a riƙe da igiya, nan an hana shiga. Wanda ya karya ana iya cin sa tarar fam 100 nan take, in ta kai kotu har fam 1,000. Ki koyi duba waɗannan allunan tun daga ƙofa. Wurin wasan yara da aka kewaye da shinge galibi an hana karnuka shiga, in kin rasa mafaka nan ne mafi kusa. A gefen titi kusan kowa da igiya yake tafiya, sai dai akwai wata igiya mai miƙewa kamar awon tela, ki ba mai irinta tazara. Da sassafe da kuma bayan tashi daga aiki aka fi fitowa da su. A watan Disamba tun kafin ƙarfe 4 rana take faɗuwa a nan, za ki ga 'yan fitilu ja da kore suna yawo ƙasa-ƙasa cikin duhu, abin wuyan karnuka ne, kada ki firgita.

Kin tambayi batun tsarki, kin ce in ya lashe miki kaya yaya sallarki. Ki tuna karatunmu na Iziyya: duk mai rai tsarkakakke ne, haka guminsa da yawunsa da hawayensa. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, kare yana cikin wannan, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki kuma bin umarni ne, ba don najasa ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasa ne, kuma a masallatan nan za ki haɗu da 'yan Somaliya da wasu da ke kan wannan fahimta, kada ki yi jayayya da kowa. Ki zauna da malaminki kafin ki taso ya warware miki, don ki zo da natsuwa. Na ga 'yan'uwa mata da rabin tsoronsu na waswasin tsarki ne, da wannan ya kau sai sauran ya yi sauƙi. Ni dai ina ajiye abayar salla daban a jaka, hankalina ya fi kwanciya.

Wuri biyu nake so ki buɗe baki tun kafin ki sa hannu a takarda. In za ki kama ɗaki a gidan haya na haɗaka, ki tambaya ko akwai kare a gidan. In kuma za ki nemi aiki cikin awa 20 da aka yarda ɗalibi ya yi a sati lokacin karatu, da yawa daga cikinmu aikin kula da tsofaffi a gidajensu muke samu, kuma tsofaffin nan karnuka ne abokan zamansu. Ki gaya wa masu ba ki aiki tun ranar farko. Ana iya roƙon a rufe kare a wani ɗaki kafin ki shiga, ni an sha yi mini haka.

Akwai karen da ba za ki ce a janye miki shi ba, shi ne ɗan jagoran makaho ko mai wata lalura. Za ki gane shi da ɗamarar da ke jikinsa. Dokar daidaito ta 2010 ta ba shi damar shiga kanti da gidan abinci da tasi, direban da ya ƙi ɗaukarsa ba tare da takardar uzurin lafiya ba ya yi laifi. Shi wannan ko kallonki ba zai yi ba, aikinsa yake yi. In kin ga kare da ƙyalle ruwan ɗorawa a igiyarsa kuma, alama ce cewa shi ma ba ya son a matso shi.

In Allah Ya ƙaddara an cije ki, ki wanke wurin da sabulu da ruwa sosai, ki kira 111, lambar neman shawarar lafiya, su gaya miki inda za ki, wataƙila a yi miki allurar tetanas. Ki karɓi sunan mai karen, ki kai rahoto ga 'yan sanda ta 101. In abin na gaggawa ne, 999.

Ni abin da ya warkar da ni zama ne. Wata abokiyar aikina tana da tsohuwar karya mai sanyin hali, ta riƙa zuwa da ita muna zama a benci, ita a can ƙarshe riƙe da igiya, ni a nan ƙarshe. Satin farko ko shayin hannuna ban iya sha ba. A hankali tazarar ta riƙa raguwa, har ranar da karyar ta kwanta kusa da ƙafata ta yi barci, ina jin ɗumin jikinta ta cikin takalmi, ban tashi ba. Har yau ba na shafa kare, ba na kuma sha'awar ajiye shi, amma ina ratsa fili in tafi harkata. In naki ya fi ƙarfin haka, jami'a tana da masu ba da shawara kyauta, kuma kuɗin lafiyar da za ki biya tare da biza ya ba ki damar ganin masu maganin irin wannan tsoro a NHS, wato hukumar lafiya ta ƙasar, ba abin kunya ba ne a wurinsu.

Ki turo mini ranar saukarki da lambar jirgi, zan zo in tarye ki in sha Allah. Asabar ta farko za mu je Platt Fields da rana tsaka, mu zauna a benci kusa da ƙofa, ki yi kallo kawai, duk lokacin da kika ce mu tashi mu tashi. Ki taho da takalmi mai rufi wanda ruwa ba ya shiga, da ɗan yaji da kuka in jaka ta ɗauka. Ki gaishe mini da Mama da kyau, ki ce mata kina hannuna.