Labarin Abbasa da Ja'afar: tarihi ne ko ƙirƙira?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na karanta littafin Jurji Zaidan a kan Abbasa, 'yar'uwar Halifa Haruna Rashid, inda aka nuna soyayyarta da waziri Ja'afar ce ta rusa gidan Barmakawa, wato dangin Ja'afar. Zan iya kafa hujja da shi a matsayin tarihi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A'a, kada ka kafa hujja da shi, amma kuma ba Zaidan ne ya ƙago labarin ba.

Abin da ya tabbata shi ne an kashe Ja'afar a shekarar 187 bayan Hijira, wato 803 Miladiyya, aka tsare mahaifinsa Yahaya da ɗan'uwansa Fadlu, aka ƙwace dukiyar gidan. Batun Abbasa kuwa, malamin tarihi Ɗabari ya kawo shi cikin ruwayoyin da ake bayarwa a kan dalilin kisan. Ibn Khaldun ya ƙaryata shi a Muƙaddima, ya ce Barmakawa sun mamaye mulki da baitulmali ne, har Halifa kan nemi kuɗi kaɗan ya rasa. Zaidan, wanda ya kafa mujallar Al-Hilal a Alƙahira a 1892, ya zaɓi ruwayar soyayyar a littafinsa na ƙagaggen labari na 1906 domin ita ce ke riƙe mai karatu. Nan ne mutane ke tuntuɓe: suna ganin sunayen gaskiya da shekarun gaskiya, sai su haɗiye dalilin ma.

Ga yadda za ka tace. Fitar da sunayen mutane da shekarar da abin ya faru, ka buɗe wannan shekarar a Tarihin Ɗabari ko Al-Kamil na Ibnul Asir, don shekara-shekara aka tsara su. Wanda ba ka same shi a can ba, yawanci bawa, kuyanga ko ɗan aike, ka ɗauka na marubuci ne. Hirar cikin ɗaki da zancen zuci duk ƙirƙira ne.

Ka kuma lura da zamanin marubucin kansa. Misali, littafin ƙagaggen labari Zaini Barakat na Jamal al-Gidani, wanda ya fito a 1974, ya samo jaruminsa daga tarihin Ibn Iyas, kuma jarumin mai hisbar Alƙahira ne na gaske a ƙarshen mulkin Mamalik, daf da shigowar Usmaniyawa a 1517. Amma 'yan leƙen asirin da suka cika littafin, Masar ta zamanin Shugaba Jamal Abdul Nasir suke nunawa. In takardar makaranta kake rubutawa, ka ambaci littafin Zaidan a matsayin adabi, kisan Ja'afar kuwa ka jingina shi ga Ɗabari.