Kafin ki sauka a otal da kyanwarki

'Yar uwa, kin ce kin ga an rubuta cewa otal ɗin yana karɓar dabbobin gida, har kin biya kuɗin kwana uku, kina tambaya ko shi ke nan sai ki ɗauki kyanwarki ki kama hanya. A'a, da sauran rina a kaba. Shekara shida ke nan ina yawo da tawa, Duna, don aikina na tafiye-tafiye ne kuma ba ni da wanda zan bar wa ita. Wannan rubutun da kika gani ya taɓa sa na kusa kwana a mota.

Na isa wani otal wajen sha ɗayan dare, ga gajiya, ga Duna tana ta kuka a keji. Yaron da ke karɓar baƙi ya leƙa kejin, ya ɗago ya ce, "Hajiya, ai karnuka muke nufi." Na nuna masa shaidar biya a waya, ya ce wannan shafin na dillalan da ke kama wa mutane ɗaki a intanet ne, su ba su rubuta haka ba. Manaja kuwa ya tashi tun yamma. Sai da muka shafe kusan awa guda kafin ya same shi a waya, aka ba ni wani ɗaki can kusa da ƙofar baya, bayan na sa hannu cewa duk ɓarnar da aka yi a wuyana take.

Tun ranar ba na yarda da shafin dillalai. Otal ɗin nake kira kai tsaye, da safe, lokacin da masu faɗa a ji suke nan. Kada ki ce "dabba", ki ce kyanwa ce guda ɗaya, ga nauyinta. Ki tambaya kuɗin dabbar na kowane dare ne ko na zaman gaba ɗaya, kuma ajiya ce da za a mayar miki ko ya tafi ke nan. Ki tambaya ko an yarda ki fita ki bar ta ita kaɗai a ɗaki, don wurare da yawa sun hana. Sai ki karɓi sunan wanda kuka yi magana da shi, ki roƙe shi ya turo miki duka ta imel. Maganar baki ba ta tsallake canjin ma'aikata.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne ɗakunan da ake ware wa masu dabbobi 'yan kaɗan ne, saboda baƙin da gashin dabba ke tayar wa asma ko atishawa. In kika yi dare, wataƙila an riga an ba wani. Don haka ranar tafiyar ki sake kira, ki faɗi lokacin isowarki. Kada kuma ki yi sammako: yawancin otal sai biyu ko ukun rana suke ba da ɗaki, kuma zaman jira da kyanwa a falon baƙi ba daɗi. A mota kuwa kada ki bar ta ko na minti goma, zafi yana kashe su.

Katin rigakafinta ya kasance a jakar hannunki, musamman na ciwon haukar kare. In ƙetare iyaka za ki yi, wannan wani babi ne. Ƙasashen Tarayyar Turai, misali, sai an sa mata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, kuma sai allurar haukar kare ta farko ta kwana 21.

Wani zai ba ki shawarar ki ɓoye ta a jaka, ko ki ce dabbar taimakon nakasassu ce. Kul. Masu shara suna gane gashi tun daga bakin ƙofa, tarar kuma daga katinki na banki za a zare. Ko a Amurka, inda dokar kare haƙƙin nakasassu ta 1990 ta hana a caji makaho kuɗin karen da ke masa jagora, kyanwa ba ta cikin lissafin.

In aka samu tangarɗa, kada ki sauke fushinki kan mai karɓar baƙi, ba shi ya kafa dokar ba. Ki nuna masa imel ɗin, ki nemi manajan da ke bakin aiki. Sau da yawa lallami ya samo mini abin da hayaniya ba za ta samo ba.

Da kin shiga ɗaki, kafin ki buɗe keji, ki ɗauki hoton labule da kafet da kujera. Ki leƙa ƙarƙashin gado ki toshe duk wata kafa da tawul. Duna ta taɓa shigewa bayan allon gado, sai da ma'aikata biyu suka janye shi. Kaskon yashinta ki ajiye a banɗaki, inda shara ba wuya. Sannan ki rataya alamar nan ta kada a shigo, ki kuma faɗa wa mai sharar da bakinki, don da ta turo ƙofa da kekenta, kyanwar ta fice.